Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Warner Bros. Games: Kun Rufe Monolith, Ina Gadonsa?

Zuwa ga shugabannin Warner Bros. Games,
Burbank, Kalifoniya, Amurka.

Ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kano. Ina rubuto muku wannan takarda da yawun 'yan majalisarmu, masu haɗuwa a ƙofar shagona bayan sallar isha'i. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai samari biyu da ke koyon rubuta manhaja suna mafarkin ƙera wasan bidiyo nasu na kansu. Yawancinmu mun fara furfura, amma duk mun taso da wasannin wani kamfani da ke garin Kirkland a jihar Washington, wato Monolith Productions, tun ba mu san sunansa ba. Da Hausa na rubuta domin da ita muke wannan hira kullum, kuma na san ba ku rasa masu fassara ba.

Ranar 25 ga Fabrairun 2025 kuka sanar da rufe Monolith, tare da Player First Games da reshenku na San Diego, kuka kuma soke wasan Wonder Woman da Monolith yake kai. Kun ce matakin sauya alkibla ne, ba gazawar ma'aikatan ba, kuma za ku tattara ƙarfinku a kan Harry Potter da Mortal Kombat da DC da Game of Thrones. Kamfani naku ne, kuɗi naku ne, ba mu isa mu ce ku sake buɗe shi ba. Abin da ya tayar da wannan takarda shi ne kayan da mamacin ya bari. A wajenmu idan an dawo daga maƙabarta, an yi kwanakin zaman makoki, maganar da ke biyo baya ita ce rabon gado, kuma wanda ya kulle ɗakin mamaci ya saka makulli a aljihu, gari ba ya yi masa kallon kirki.

Bari in tuna muku wane ne mamacin, don ina zargin wasunku sun same shi ne a takardar lissafi kawai.

A 1994 wasu mutum bakwai suka kafa Monolith, cikinsu har da Jace Hall da Brian Goble da Toby Gladwell. A 1997 suka fitar da wasanni biyu da ba su yi kama da juna ko kaɗan ba. Ɗaya shi ne Blood, wasan harbi mai ban tsoro da baƙar barkwanci, wanda suka gina a kan injin Build na Ken Silverman, wato manhajar da ake ɗora wasa a kanta. Ɗayan kuwa Claw ne, labarin wani muzuru ɗan fashin teku da ya tsere daga kurkuku yana neman layar rai tara, karnuka sojoji na binsa. Da Claw na fara sanin su. Kawuna yana da shagon buga takardu, kuma duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya bar mu da tsohuwar kwamfutarsa, mu huɗu a kan benci ɗaya, wanda muzurunsa ya mutu ya tashi na gaba ya zauna. Matakai goma sha huɗu ne a wasan. Ban taɓa wuce na tara ba sai da na girma.

Daga nan suka ƙera injin wasa nasu na kansu, LithTech, wanda aikinsa ya faro da haɗin gwiwa da Microsoft. Shogo na 1998 ya fito a kansa, haka No One Lives Forever na shekarar 2000, da Aliens versus Predator 2 na 2001. A 2004 kuka sayi kamfanin, shekarar da Jace Hall ya koma wajenku ya jagoranci sashen wasanninku. A 2005 kaɗai suka fitar da F.E.A.R. da Condemned, wanda yake cikin wasannin da na'urar wasa ta Xbox 360 ta fito kasuwa da su. A 2014 Shadow of Mordor ya zo, a 2017 Shadow of War ya biyo. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ashirin daga ciki a ƙarƙashin inuwarku.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, a kan tsarin Nemesis ne, wato dabarar da ke sa abokan gaba su riƙa tuna ɗan wasa a Shadow of Mordor da Shadow of War.

Wanda bai buga Shadow of Mordor ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa muke ta magana a kansa. A sauran wasanni, abokan gaba tamkar ciyawa suke: ka nome, ta sake tsirowa, babu wadda za ka bambance da 'yar'uwarta. A nan kuwa duk dodon Orc da ya kashe ka sai ya samu ƙarin girma a rundunarsu, ya samu suna da laƙabi, kuma ya riƙe ka a rai. In ka ƙona shi ya tsira, zai dawo da tabon wuta a fuska ya tuna maka. In ka taɓa gudu daga gabansa, zai yi maka gori a gaban yaransa. Akwai wani da ya addabe ni, ƙaramin soja ne da ya same ni jinina ya kusa ƙarewa ya ƙarasa ni. Na koma ramuwa da zafin rai ya sake kwantar da ni. Kafin mako ya zagayo ya zama babban sarkin yaƙi da dogarai kewaye da shi, kuma da bayana ya taka ya hau. Ƙanena ya laƙaba masa Mai Tabo, yana shigowa shago yana tambaya ta ko maigidana ya tashi lafiya. Ranar da na sare kansa, maimakon murna sai na ji kamar unguwa ta yi shiru. Babu marubucin da ya tsara wannan labari. Tsarin ne ya saƙa shi daga kurakuraina, kuma na kowa a majalisarmu daban yake. Ba banza ba masu ƙera wasanni suka ba Shadow of Mordor kambun gwarzon wasan shekara a taronsu na shekara-shekara, GDC, a 2015.

Me kuka yi da wannan baiwa? Kun yi shekaru kuna zarya ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, ana dawo muku da takardu kuna gyarawa, har aka ba ku shaidar mallaka a Fabrairun 2021, wadda za ta iya kaiwa 2036. Tun da kuka karɓe ta, ba ku fitar da sabon wasa ko ɗaya da ke amfani da tsarin ba. Wonder Woman ne aka ce zai zo da shi, kun soke. Mutanen da suka san sirrinsa kun sallame su. Yanzu takarda na nan a durowa tana gadin abin da babu mai taɓawa.

Don adalci, mun san shaidar mallakar ba ta hana kowa yin abu mai kama da shi ba. Ubisoft ta saka sojojin haya masu farautar ɗan wasa a Assassin's Creed Odyssey, Warframe ma yana da nasa maƙiyan masu riƙo. Amma waɗannan masu lauyoyi ne. Mutum biyar da suka haɗa kuɗin aljihu a ɗaki ɗaya ba za su iya biyan wanda zai karanta musu shafukan nan ya nuna musu inda iyaka take ba, don haka sai su kauce wa unguwar baki ɗaya. An taɓa ganin irin wannan. Namco ta yi rajistar dabarar saka ɗan ƙaramin wasa a lokacin da ake jiran babban wasa ya buɗe, daga 1995 har 2015. Shekara ashirin muna zaune muna kallon sanda tana cika a allo, kuma ko da wa'adin ya ƙare, na'urori sun fara sauri, dabarar ta tsufa a kulle.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan ba halin Monolith ba ne. Ku dubi F.E.A.R. Har yau in ana maganar sojojin wasa masu wayo, shi ake fara ambata. Suna zagayowa ta bayanka, suna kifar da tebur su ɓuya, suna jefo gurneti su fito da kai daga maɓoya, suna kiran juna cewa an kashe musu mutum biyu a turo ƙari. Mai rubuta basirarsu, Jeff Orkin, bai ɓoye yadda ya yi ba. A 2006 ya tsaya a taron GDC ya warware komai: maimakon a rubuta wa soja abin da zai yi a kowane hali, sai a ba shi buri da jerin abubuwan da zai iya, shi ya lissafa hanyar da ta fi kusa. Ya kuma faɗi cewa shi ma aro ya yi, daga wani tsari mai suna STRIPS da masu bincike a Stanford suka fitar tun 1971. Har dabarar maganganun sojojin ya tona, cewa yawancin haɗin kan da ɗan wasa ke gani, furucin ne ke sa shi ganin haka. Wannan dabara ta buri da lissafin hanya, da ake kira GOAP, ta shiga wasannin wasu kamfanoni, irin su Deus Ex: Human Revolution da Tomb Raider na 2013, kuma Monolith bai ragu da komai ba, sai ma suna da ya ƙaru. Samarin nan biyu na majalisarmu sun sauke takardar Orkin kyauta, da ita suka koyi sa 'yan dodanninsu su nemi mafaka. Gida ɗaya ya haifi dabaru biyu. Wadda aka bayar tana da jikoki a duniya, wadda aka kulle kuwa wasanni biyu kacal ta gani.

Koke na biyu shi ne wasannin da aka bari suna ruɓewa.

No One Lives Forever, labarin Cate Archer, 'yar leƙen asirin shekarun 1960 mai kaifin baki, yana cikin wasannin da aka fi yabo a zamaninsa. Yau babu shagon intanet ɗaya da ke sayar da shi, shi da na biyunsa na 2002. Dalilin abin dariya ne in ba don takaici ba. Fox Interactive ce ta buga na farko, aka sayar da ita ga Vivendi a 2003, sashen wasannin Vivendi ya haɗe da Activision a 2008, ku kuma kuna riƙe da Monolith. Da kamfanin Nightdive, wanda sana'arsa ke nan farfaɗo da tsofaffin wasanni, ya tashi a 2014 zai dawo da shi, sai ya tarar kowa na cewa wataƙila ina da haƙƙi, wataƙila ba ni da shi, takardun na cikin wani kwali. A ƙarshe, kamar yadda Nightdive ya bayyana a 2015, kun ce ba ku da sha'awar buga wasan, ba ku kuma da sha'awar haɗa hannu da su. Masoya ne suka gyara shi ya yi aiki a sababbin kwamfutoci, suna rabawa a bayan fage. Mai son ya biya halaliyarsa ba shi da ƙofar shiga.

Kada ku ce irin wannan ƙulli ba ya kwancuwa, don kun taɓa kwance shi. Lokacin da sunan F.E.A.R. yake hannun Vivendi, har an raɗa wa na biyunsa Project Origin. A 2008 kuka je kuka sayo sunan daga Activision Blizzard, saboda a lokacin kuna hango riba.

Claw ma haka yake, babu shi a shagon intanet na Steam, babu shi a na GOG. Wataƙila a wajenku wannan ƙaramar magana ce, amma ku zo shagona ku ga irin kwamfutocin da ake kawowa. Yawanci na hannu ne, sun yi shekara goma a wani ofis a Turai kafin su iso. Sabon wasa mai gigabayit ɗari ba zai hau su ba, kuɗin datar da za a sauke shi ma ya isa cefanen kwanaki. Amma Claw zai hau, F.E.A.R. zai hau, No One Lives Forever zai hau ya yi gudu. Abin da kuke kira tsohon kaya, ga yaron da babansa ya saya wa kwamfutar gwanjo jiya, sabo ne fil. Kuma irin wannan yaro ba a Kano kaɗai yake ba.

Ku ƙara da abin da ya faru a Janairun 2021, da aka kashe ɓangaren intanet na Shadow of Mordor, har da aikin ɗaukar fansar wani ɗan wasa da dodo ya kashe a can wata ƙasa. Wanda ya sayi wasan yau ba zai san an taɓa yin haka ba.

Koke na uku: wa ya yi ɓarna, wa ya biya?

Ba za mu yi muku ƙarya ba, Monolith ya yi fiye da shekara bakwai bai fitar da komai ba, kuma babu ɗan kasuwar da zai ji daɗin haka. Amma a bi sawu. A 2017 aka cusa wa Shadow of War kasuwar akwatunan sa'a, inda mutum zai biya kuɗin gaske ya buɗe ya ga wane dodo ya faɗo masa, abin da a nan ba mu da wani suna da za mu kira shi sai caca. A Yulin 2018 aka cire ta, Monolith da kansa ya amsa cewa sayen dodanni yana rusa ainihin abin da Nemesis yake, wato alaƙar da kake ƙullawa da su a fagen fama. Bayan haka, kamar yadda kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito, sun shafe shekaru suna gina sabon wasa na ƙashin kansu, aka soke shi, manyan gidan suka fice. Shugabansu Kevin Stephens ya koma babban kamfanin wasanni na EA ya jagoranci sabon reshe. Waɗanda suka rage aka ɗora musu Wonder Woman, aka sanar da shi a Disambar 2021 da ɗan gajeren bidiyo, tun aikin bai tsaya da ƙafarsa ba.

A 2024 kun faɗa wa masu hannun jari cewa Suicide Squad: Kill the Justice League ya jawo muku asarar dala miliyan 200, daga baya kuka ƙara wata miliyan 100 da MultiVersus ya fi yawa a cikinta. Duka biyun irin wasannin nan ne da ake so mutum ya zauna a cikinsu shekara da shekaru yana ta sayen kaya, alkiblar da shugabanninku suka yi ta tallatawa. Monolith bai ƙera ko ɗaya daga ciki ba. Player First Games kuwa a Yulin 2024 kuka saye shi, bayan wata bakwai kuka rufe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai zane da mai rubuta manhaja da mai gwajin wasa, waɗanda ba a taɓa gayyata ɗakin yanke shawara ba, su ne suka koma gida da shekarun aikin da ba wanda zai gani, wanda kuma bisa al'adar masana'antarku da wuya a bar su su nuna wa mai ɗaukar aiki na gaba.

Ga abin da muke roƙo.

Ku saki Nemesis. Ko dai ku yi alkawari a rubuce cewa ba za ku kai kowa kotu a kansa ba, ko ku ba da lasisinsa kyauta ga ƙananan kamfanoni da ɗalibai. Akwai wanda ya riga ku: a 2021 EA ta buɗe wasu shaidun mallakarta ga kowa, har da tsarin da 'yan wasa ke yi wa juna nuni da shi a wasan Apex Legends, kuma ba mu ji ta talauce ba. Hausawa na cewa laifin babba rowa.

Ku zauna da Microsoft, wadda ta mallaki Activision tun 2023, da Disney, wadda ta sayi Fox a 2019, ku kashe maganar No One Lives Forever. Kamfanoni uku masu wannan girma ba za su rasa lauya ɗaya ɗaya da za su ba mako guda su buɗe kwalaye ba. In ribar ta yi muku kaɗan, ku miƙa wa Nightdive ko GOG su yi wahalar, ku karɓi kasonku kuna zaune.

Duk wani tsohon wasan Monolith da haƙƙinsa ke hannunku, Claw da Gruntz da Get Medieval da sauransu, ku dawo da shi kasuwa a farashin da mai karɓar albashi da naira zai iya, ko ku bayar sadaka. Wanda ba naku ba, ku fito ku faɗi na wane ne, masu nema su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ku kuma saki asalin rubutun tsofaffin injinan LithTech. Kamfanin id Software ya yi haka da Doom tun 1997, shi ya sa har yau babu na'urar da ba a kunna shi a kanta. Kwana biyu kacal bayan sanarwarku, EA ta saki asalin rubutun tsofaffin wasannin Command & Conquer, jerin da kamfanin Westwood ya faro, wanda ita ma ta rufe a 2003. Shekara ashirin da biyu ke nan bayan rufewar. Ba dole ku jira haka ba.

Na ƙarshe, takardu da zane-zane da gwaje-gwajen shekara talatin da ke Kirkland, har da na Wonder Woman da na wasan da aka soke kafinsa, kada su ƙare a rumbun da za a goge ranar da kuɗin hayarsa ya yi wa wani akanta yawa. Gidan tarihin wasanni na Strong da ke Rochester a jihar New York yana karɓar irin waɗannan kaya, haka ma Video Game History Foundation. Ku ba su. Ku kuma ba tsofaffin ma'aikatan izini a rubuce su nuna abin da hannunsu ya yi, da sunayensu a jiki.

Faifan Claw na kawuna yana nan a durowar shagona, ya sha ƙarce har ba ya karantuwa. 'Yata mai shekara tara ta gan shi ta tambaye ni wane ne wannan muzuru mai hular fashi, na ce mata zan nuna mata. Ina so in saya mata da kuɗina, daga hannunku.

Na gode da sauraro, a huta lafiya.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, a madadin 'yan majalisar ƙofar shago,
Kano, Najeriya.